Tattabarar Mai Magani da Hotunan Garin Kronberg

A ƙasar Jamus, a gindin duwatsun Taunus, ba nisa da birnin Frankfurt, akwai wani ɗan gari mai suna Kronberg, wanda a farkon ƙarni na ashirin aka san shi da kyawun iska, da kuma fadar da gimbiya Victoria, 'yar Sarauniyar Ingila kuma matar marigayi Sarkin Jamus Friedrich, ta gina ta zauna a ciki har rasuwarta a 1901. A wannan gari ne aka yi wani mai haɗa magunguna, Julius Neubronner, wanda aka haifa a 1852, ya gaji kantin magani daga mahaifinsa, ya kuma gaji wata al'ada da tsohon ya taɓa yi, wato sa tattabaru su kawo takardun magani daga hannun likitocin ƙauyuka. Labarin wannan mutum da tsuntsayensa ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda tambaya ƙarama, irin wadda mai kiwo kan yi wa kansa da yamma sa'ad da yake ƙidayar dabbobinsa, takan buɗe ƙofar da masu ilmi da masu mulki ba su lura da ita ba.

Aiken tattabara ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta tarihin Musulunci, gama Jahizu ya yi dogon bayani a kan ɗabi'unta cikin Kitabul Hayawan, Sarki Nuruddini Zanki kuwa ya tsara mata hanyoyi da masaukai a ƙasar Sham, daga baya sarakunan Mamluka na Masar suka ƙara kyautata tsarin. Asirin abin duka guda ne: tattabara ba ta san zuwa ko'ina ba sai gida, saboda haka sai a ɗauke ta a kai ta wani wuri a ajiye, ran da bukata ta taso a ɗaura mata saƙo a sake ta. Haka Neubronner ya yi a 1903, lokacin da ya raya al'adar mahaifinsa. Ya ajiye waɗansu tattabarunsa a gidan jinyar masu ciwon huhu da ke Falkenstein, kusa da garinsu, suna kawo masa takardun magani. Ya ajiye waɗansu wajen dillalin da ke sayar masa da kaya a Frankfurt, suna kawo masa maganin gaggawa wanda nauyinsa bai wuce giram 75 ba.

Ana nan, wata rana aka saki ɗaya daga cikinsu cikin hazo, ta ɓace. Aka kwana, aka yi mako, har mai ita ya fid da rai, yana zaton shaho ya yi kalaci da ita. Sai bayan mako huɗu ga ta ta sauka, kuma maimakon ta zo a rame kamar wadda ta sha wahalar daji, sai ta zo da ƙiba, gashinta na sheƙi. Wanda ya san ƙissar Annabi Sulaimanu, Alaihis Salam, da hudahuda, zai tuna cewa ita ma an neme ta an rasa, amma da ta komo ta zo da uzurinta da labarin abin da ta gano a ƙasar Saba'u. Tattabarar Kronberg kuwa ba ta da bakin ba da labari, mai ita kuma ba a sanar da shi zancen tsuntsaye ba. An ruwaito cewa daga baya ya gane wani mai dafa abinci ne a Wiesbaden ya tsare ta yana ciyar da ita, amma kafin wannan amsa ta iso, tambayar ta riga ta haifar masa da wani tunani: tun da tsuntsuwar tana iya ɗaukar giram 75 na magani, me zai hana ta ɗauki kyamara mai wannan nauyi, ta komo da shaidar inda ta bi?

Ba don komai wannan tunani ya zo masa ba sai don shi tun yana yaro ma'abocin ɗaukar hoto ne, ba don neman abinci ba, don sha'awa kawai. Ita kuwa wannan sana'a, in aka bi asalinta, za a tarar cewa da abin da ke bakin ƙofa ta fara. Ibnul Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manaziri a Alƙahira kusan shekara dubu da suka wuce, ya bayyana yadda haske kan shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya zana surar abin da ke waje a bango. Amma tsayar da surar ta zauna, ta ƙi gushewa, sai a ƙarni na goma sha tara. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya, wanda Bafaranshe Niépce ya ɗauka wajen 1826, ba na sarki ba ne, ba na yaƙi ba, rufin ɗakuna ne da ake hange ta tagar gidansa, kuma sai da farantin ya yi aƙalla sa'a takwas yana shan haske. Talbot na Ingila, a 1835, tagar gidansa ya ɗauka. Daguerre kuwa, da ya saita na'urarsa a kan wani babban titin Paris a 1838, karusai da masu tafiya duk suka ɓace daga hoton saboda ba su tsaya ba, sai wani mutum da ake goge wa takalmi ya fito, don shi ya daɗe a wuri ɗaya.

Daga nan za a fahimci dalilin da ya sa tsuntsu ya zama babban abin jarrabawa ga masu wannan fanni, gama babu wata halitta da ta fi shi ƙin tsayawa. Sai a 1882 Marey na Faransa ya ƙera wata na'ura mai siffar bindiga wadda ke ɗaukar hoto goma sha biyu cikin daƙiƙa guda, ya bi tsuntsaye da ita suna tashi. A 1884 kuma Bajamushe Ottomar Anschütz ya ɗauki hotunan shamuwa tana sauka a sheƙarta, hotunan da Otto Lilienthal ya yi nazarinsu sa'ad da yake koyon shawagi da fukafukan da ya ƙera. Ta wani gefen kuma waɗansu suna ta neman hanyar da za su ga ƙasa daga sama: Nadar ya hau balan-balan a kusa da Paris a 1858 ya ɗauki hoto, Arthur Batut kuwa a 1888 ya ɗaura kyamara a jikin abin nan da yara ke sakar wa iska suna riƙe da zare. Waɗannan duka, ko dai sun mai da tsuntsu abin ɗauka, ko sun nemi su kwaikwaye shi. Neubronner ne ya juya al'amarin, ya miƙa wa tsuntsun kyamarar.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Ya fara gwada ƙananan kyamarori a cikin jirgin ƙasa yana gudu, don ya ga ko hoto zai fito ba tare da ya gauraye ba; sa'an nan ya ƙera tasa, mai nauyi tsakanin giram 30 da 75, wadda ake ɗaurawa a ƙirjin tattabara da 'yar ɗamara da wani ɗan sulke na alminiyam, idonta na kallon ƙasa. Da yake tsuntsuwa ba za ta taɓa maɓalli ba, sai ya sa wata dabara ta iska da aka matse, tana fita sannu a hankali, in ta ƙare marfin idon kyamarar ya buɗe ya rufe. Shi kuma sai ya yi lissafin nisan wurin da yake so da saurin tashin tattabara, ya daidaita lokacin a kan haka. Kafin a ɗora mata ta gaskiya, sai an saba mata da ta katako mai irin nauyin, har ta daina damuwa da ita. Ya kuma lura da wata ɗabi'a da ta taimake shi, cewa tattabara in tana ɗauke da kaya ba ta yawon banza, takan miƙe gida ta hanya mafi kusa, tana tafe tsakanin mita 50 da 100 daga ƙasa, don ta ƙosa a sauke mata. Har ƙofar ɗakinsu sai da ya faɗaɗa, ya sa musu wurin sauka mai taushi, don kada kyamara ta bugu.

A 1907 ya kai ƙirƙirarsa ofishin da ke ba da takardar shaidar mallakar ƙirƙira, ma'aikatan suka ƙi, suna cewa abin ba zai yiwu ba, tattabara ba ta ɗaukar wannan nauyi. Bai tsaya jayayya da su ba. Ya kawo musu hotunan da tsuntsayen suka ɗauko, tare da shaidar ingancinsu, gani kuwa ya kori ji, aka ba shi takardar a watan Disamba na 1908. A shekarar da ta biyo ya kai abin bajekolin hotuna na ƙasa da ƙasa a Dresden, da na jiragen sama a Frankfurt, ya je da wani keken doki wanda samansa ɗakin tattabaru ne, ƙasansa ɗakin wanke hoto. Jama'a su taru suna jira, tattabara ta sauka, a kwance mata kaya, a wanke hoton nan take, a mai da shi katin wasiƙa a sayar musu. A Paris ma an ba shi lambobin yabo a 1910 da 1911.

To, mene ne a cikin hotunan? Rufin gidajen Kronberg ne, da lunguna, da lambuna, da gonaki, da titunan Frankfurt, da mutane ƙanana kamar tururuwa suna harkokinsu ba su san ana kallonsu ba. Da yawa a karkace suke, domin tsuntsu ba ya tashi a kan ma'auni. Waɗansu sun kuskure abin da aka nufa, sun ɗauko wani abu dabam da ba wanda ya tambaya. Mafi shahara a cikinsu shi ne na fadar nan ta gimbiya, inda ake ganin ginin a tsakiya, a gefe biyu kuma ga bakin fukafukan mai ɗaukar hoton sun shigo. A wajen gwani wannan aibi ne, irin wanda akan yanke a jefar. Amma shi ne ya sa ake ta buga hoton har yau, saboda wanda ya dube shi yakan ji kamar shi ne a maƙale a ƙirjin tsuntsuwar. Mutumin da ya yi shekara hamsin da ɗoriya yana bin waɗannan lunguna da ƙafa, ya san kowace ƙofa da mai ita da irin ciwon da ke damunsa, sai ga shi yana kallon garinsu kamar baƙon da bai taɓa shigarsa ba.

Ba a daɗe ba hukumar soja ta sa ido, gama duk abin da ke leƙa bayan ganuwa ba ya wuce masu yaƙi. Shi ma Neubronner ya sa rai ƙwarai da wannan ciniki, ya kashe dukiya da shekaru yana amsa sharuɗɗansu, har ya koya wa tattabaru komawa ɗakin da aka gusar daga wurinsa, abin da ya saɓa wa ɗabi'arsu. Amma Yaƙin Duniya na Farko da ya ɓarke a 1914 ya zo da jirgin sama, wanda ke ɗaukar babbar kyamara da mutum mai hankali da ya san abin da yake nema. Saboda haka aka bar tattabaru a kan tsohon aikinsu na kai wasiƙa, ɗakunansu masu tafiya suka yi amfani, kyamarar kuwa aka ce ba ta da fa'ida ga soja. Bayan haka wani mai gyaran agogo a Suwizalan, Adrian Michel, ya sake gwadawa a shekarun 1930, ya sa injin agogo a madadin iska. Hukumar leƙen asirin Amurka ma ta ƙera irin tata a shekarun 1970, wadda yanzu ke ajiye a gidan tarihinta. Babu ɗayansu da ya mai da abin makami mai tasiri.

Neubronner ya rasu a 1932. Abin da ya riƙe iyalinsa ba tattabaru ba ne, wata masana'antar takarda mai danƙo ce ta liƙe kaya da ya kafa a 1905, wadda ita ma daga sha'awar hoto ta samo asali, don ya rasa abin da zai liƙe gilasan hotunansa da shi. Ya kuma bar finafinai gajeru da ya ɗauka na 'ya'yansa suna wasa da na bukukuwan garinsu, waɗanda a lokacin ba wanda ya ɗauke su a bakin komai, yanzu kuwa masu adana tarihi suna tattalinsu kamar zinariya. Haka al'amarin ya kasance a dukan aikinsa: abin da ya yi wa manya don neman daraja da riba ya tafi tare da zamaninsa, abin da ya yi don nishaɗin kansa, a ƙofar gidansa, da tsuntsayen da yake watsa wa hatsi da hannunsa, shi ya wanzu.

A yau, da kusan kowa ke yawo da kyamara a aljihu, kuma ƙananan jirage marasa matuƙi suna ɗaukar gari daga sama yadda aka ga dama, babu karkata, babu fiffike a gefe, mai kiwon tsuntsu da ya tsuguna a tsakar gida yana jiran akunsa ko tattabararsa ta juyo don ya ɗauke ta kusa da randa ko igiyar shanya, yana iya sanin cewa yana da magabata a wannan aiki, kuma su ma daga taga da tsakar gida suka fara. Sai dai har yanzu, in ya saki tattabarar da safe ta yi sama ta ɓace masa, da la'asar ta komo ta sauka a kan katanga tana gyaran gashi, ba shi da abin yi illa ya watsa mata dawa, ya bar ta da labarinta.