Bayan Watsewar 'Yan Kallo: Manyan Gasannin Wasa da Kasuwar Gine-gine a Nijeriya, Bisa Hange Daga Ƙasar Dayi

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da wata ƙasa ta nemi a ba ta izinin shirya babbar gasar wasanni, hujjar da ake fara gabatar wa talakawanta ita ce, wai gasar za ta tayar da kasuwar gine-gine, magina da leburori su sami aiki, kuma harkar ta ci gaba da bunƙasa ko bayan baƙi sun koma gida. Nijeriya ta sha jin wannan hujja, domin tsakanin 1973 da 2009 ta karɓi manyan gasanni har guda shida. Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin abin da ya sami sana'ar gini bayan kowace gasa. Ra'ayin da za mu kare shi ne, gasa ba ta taɓa zama uwar kasuwar gini a ƙasar nan ba. Abin da ke ɗaga kasuwar ko ya kayar da ita shi ne kuɗin man fetur da samuwar siminti. Domin mu ga haka sosai, za mu tsaya a ƙasar Dayi, inda ba a gina filin gasa ko ɗaya ba, amma irin yankin da ma'aikatan gini ke fitowa ne.

2.0 Dalilin Zaɓen Dayi

Dayi tana cikin Ƙaramar Hukumar Malumfashi ta Jihar Katsina, a inda hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Gwarzo ta haɗu da wadda ta fito daga Funtuwa ta nufi Katsina. Ƙasa ce ta noman auduga da dawa da masara. A irin wannan ƙasa, gini aikin rani ne. Sai an kai amfani gida, an sayar da auduga, sannan magidanci zai kira magini. A daidai wannan lokaci kuma samari ke fita cin rani zuwa Kano da Zariya da Kaduna, har da Ikko, inda da yawansu ke kama aikin lebura, su ɗauki kwanon sarki, su kwaɓa siminti, su koma gida da faɗuwar ruwa. Wato ke nan yankin yana da alaƙa biyu da kasuwar gini: yana ba ta ma'aikata, yana kuma sayen kayanta idan gona ta yi albarka.

3.0 Wasannin Ikko na 1973 da Rikicin Siminti

A watan Janairu na 1973 aka yi Wasannin Ƙasashen Afirka karo na biyu a Ikko, shekara uku kacal bayan ƙarewar yaƙin basasa. Saboda su ne gwamnatin Janar Yakubu Gawon ta kammala babban filin wasa na Surulere a 1972. Wanda ya dubi shekarun da suka biyo baya zai iya zaton gasar ce ta buɗe ƙofar arziki, don kuwa ba a taɓa ganin gine-gine irin na 1974 zuwa 1977 ba. Amma dalilin yana wani wuri dabam. Daga Oktoba 1973 zuwa farkon 1974 farashin gangar mai ya ninka wajen sau huɗu, daga kimanin Dala 3 zuwa kimanin Dala 12. Da wannan kuɗi aka biya ƙarin albashin Udoji, da shi aka tsara Shirin Raya Ƙasa na Uku, na 1975 zuwa 1980, wanda aka fara yi wa kasafin Naira biliyan 30.

Nan da nan sai rauni ya bayyana. Masana'antun siminti na cikin gida, irin su ta Kalambaina a Sakkwato da ta Nkalagu da ta Ewekoro, ba su iya biyan buƙata ba. Hukumomin gwamnati suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20 daga ƙetare, mafi yawansa ta hannun Ma'aikatar Tsaro, alhali tashar jiragen ruwa ta Ikko ba ta iya sauke fiye da kimanin tan miliyan 1 a shekara. A 1975 jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, ana biyan su kuɗin jira, wani simintin ma ya daskare a cikinsu. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed, wadda ta hau a Yuli 1975, ita ta kafa kwamitin binciken al'amarin.

A ƙasar Dayi fa, mene ne ya canja a waɗannan shekaru? Fari na 1972 zuwa 1974 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 sun tura mutane da yawa neman aiki a birane, kuma wuraren gini ne suka karɓe su. Amma aikin gini da ya taɓa yankin kai tsaye bai da dangantaka da wasa. Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa ne, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shi ya shimfiɗa hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, ya yi kwalbatoci da ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin raba taki. Haka kuma shirin ilmin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya sa aka gina azuzuwa a ƙauyuka, ƙananan 'yan kwangila suka sami abin yi. A wannan zamani ne rufin kwano da bulo suka fara ture azara da tubali a gidajen masu hali, birkila ya fara shiga gaban maginin gargajiya.

4.0 Kofin 1980 da Faɗuwar Kasuwa

Gasa ta biyu ita ta fi ba mu hujja bayyananniya. A watan Maris na 1980 aka yi gasar cin Kofin Ƙasashen Afirka a Ikko da Badun, Nijeriya ta doke Aljeriya da ci 3 da nema, ta ɗauki kofin a karo na farko. In da gasa ke riƙe kasuwa, da wannan ta riƙe. Sai ga shi daga 1981 kasuwar mai ta fara lalacewa. A Afrilu 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, a 1986 kuma aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na zamanin Janar Babangida, darajar Naira ta zube. Ayyuka suka tsaya cak, 'yan kwangila suka kwashe kayan aikinsu, ƙasa ta cika da kangwaye, ciki har da gidajen da aka fara a ƙarƙashin shirin gidaje na Shagari. Sababbin masana'antun siminti na Ashaka da Gboko, waɗanda suka fara aiki a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, sun iso daidai lokacin da masu saye ke raguwa. Ɗan cin rani kuwa ya koma gona.

5.0 Daga 1999 Zuwa 2009

An so Nijeriya ta shirya gasar matasa ta duniya a 1995, amma hukumar FIFA ta mayar da ita Katar saboda fargabar annoba. Sai a Afrilu 1999 aka yi ta a birane takwas, uku daga cikinsu a Arewa: Kano da Kaduna da Bauci. Aikin da aka yi mafi yawansa gyara ne na filayen da ake da su da hanyoyin da ke kai wa gare su, kuma an yi shi cikin gaggawa, ko da yake Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. A waɗannan shekaru, abin da ya fi samar wa magina aiki a Arewa shi ne Asusun Rarar Man Fetur da Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta, wanda ya gyara hanyoyi da asibitoci da makarantu kafin a rushe shi a 1999. Filin wasa na Ƙofar Mata a Kano ya sake karɓar baƙi a gasar Kofin Afirka ta 2000, wadda aka yi tarayya da Gana, da kuma gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009.

Gini mafi girma shi ne filin wasa na Abuja, mai ɗaukar mutum kimanin 60,000, wanda kamfanin Julius Berger ya jagoranci ginawa don Wasannin Afirka na Oktoba 2003, kan kuɗin da aka ƙiyasta Dala miliyan 360. Bayansa kasuwar gini ta bunƙasa ƙwarai, amma a nan ma ya kamata mu lura da abubuwa uku da suka faru tare. Na farko, farashin mai ya yi ta hawa har ya haura Dala 140 a Yuli 2008. Na biyu, a 2005 aka yafe wa Nijeriya bashin Dala biliyan 18. Na uku, tun 2002 gwamnati ta ɗaure lasin shigo da siminti da sharaɗin kafa masana'anta a gida, abin da ya haifar da masana'antar Ɗangote ta Obajana, daga baya kuma BUA ta faɗaɗa ta Kalambaina. Da farashin mai ya karye a 2014, tattalin arziki ya shiga mawuyacin hali a 2016, gini ya sake ja da baya.

Su kansu filayen, makomarsu abin dubawa ce. Na Surulere ya lalace tun farkon shekarun 2000. Na Abuja sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyara ciyawarsa a 2020 zuwa 2021. Ma'ana, aikin kula da gini, wanda shi ne zai ba kafinta da mai gyaran famfo da mai wayar lantarki abinci na dindindin, ba a yi masa tanadi ba.

6.0 Misali Daga Afirka ta Kudu

Kada a ce wannan ciwo namu ne mu kaɗai. Afirka ta Kudu ta shirya gasar Kofin Duniya a 2010, tana da manyan kamfanonin gini nata na gida. Bayan gasar ayyuka suka yi ƙaranci. A 2013 hukumar hana haɗa baki a ciniki ta ci kamfanoni 15 tarar Rand biliyan 1.46 saboda maguɗin kwangila, ciki har da ta filayen gasar. Kafin ƙarshen 2019 manyan kamfanoni irin su Basil Read da Group Five sun durƙushe, sun nemi kariyar doka daga masu binsu bashi.

7.0 Kammalawa

Wannan magana ba ta wuce ba. Abuja ta nemi shirya Wasannin Ƙasashe Renon Ingila na 2014, aka ba Glasgo, ta sake neman na 2030, aka ba Ahmedabad ta Indiya. Babu shakka za a sake nema, kuma za a sake kawo tsohuwar hujja. Daga abin da muka bayyana, muna ganin a auna ta da ma'auni uku.

Na ɗaya, a tambayi inda kuɗin zai fito, domin gasar da aka ɗora bisa rarar mai ko bashi, aikinta na ƙarewa ne ranar da aka busa usur na ƙarshe. Na biyu, a sa kuɗin kula da kowane fili cikin kasafi tun kafin a haƙa harsashinsa. Na uku, a dubi farashin kayan gini. A farkon 2024, bayan janye tallafin mai da faɗuwar Naira, buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, kuma duk babban aikin gaggawa ƙara masa tsada yake yi. Manomin Dayi da ke son ɗora ɗaki biyu ko ya yi wa rumbunsa daɓe, da shi da ɗan kwangilar filin wasa kasuwa ɗaya suke shiga.

Irin wannan manomi, da dubban irinsa daga Malumfashi zuwa Funtuwa, su ne masu sayen siminti da kwano da rodi kowace shekara, ko da gasa ko babu. Abin da suke buƙata shi ne zaman lafiyar da zai bar su su je gona, da hanya mai kyau zuwa kasuwa, da farashi mai kyau ga auduga da masara. Muna roƙon malamai da ɗalibai su tattara tarihin baka na tsofaffin 'yan cin rani da birkiloli na wannan yanki tun suna raye, domin a wurinsu ne za a ji nawa aka biya lebura, da kuma abin da ya koma gida da shi.