Zancen da ya yi ta kewaye har ya raba Bargu

Mutanen tsohuwar daular Rum suna da kalma guda, ambages, da suke kiran hanya mai yawan kwana da ita, haka ma zancen da ke ta kewaye-kewaye ba ya fitowa fili. Wanda ke son ganin irin wannan zance a rubuce, ya nemi yarjejeniyar da ta shata iyakar Bagudo da ƙasar Benin.

Rigimar Ingila da Faransa kan ƙasar Bargu ta faro ne a watan Nuwamba na 1894. Kyaftin Lugard ya isa Nikki ta ƙasar Bargu da sunan kamfanin Royal Niger na Ingila, ya samo takardar yarjejeniya, alhali ko ido bai haɗa da sarkin ba. Bayan tafiyarsa Decoeur na Faransa ya iso, shi ma ya samo tasa. Kowa ya koma gida yana cewa Bargu tasa ce. Zuwa 1897 sojojin Faransa sun shiga Busa, saura ƙiris a gwabza.

A birnin Faris aka sasanta, ranar 14 ga Yuni, 1898. Ingila ta ɗauki Busa da Illo, Faransa ta riƙe Nikki. Amma duba yadda aka faɗi abin. Layin iyakar zai bi yamma da filayen wasu garuruwa da aka jera, irin su Okuta da Yashikira, ba tare da an ce ga inda filayen suka tsaya ba. Daga nan ya nausa arewa, yana bin zanen taswira gwargwadon iko, har ya faɗa kogin Kwara mil 10 sama da tsakiyar Gere, mashigin jiragen Illo. To, ina ne tsakiyar gari? Bakin kasuwa, ko ƙofar fada?

A ganina da gangan aka bar zancen a dunƙule. Masu sa hannun ba su san ƙasar ba, kuma kowane ɓangare na son abin kamawa gobe. Sai da jami'an awo suka taka ƙasar, aka sake wata yarjejeniya a 1906.

Kyangawa da Dandawa da Fulanin yankin dai ba wanda ya tambaye su. Har yau ɗan Tsamiya ta Bagudo da zai je biki Segbana ta Benin, ƙasar waje ya tafi, kuma da gwamnati ta rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, wannan layin ne jami'an kwastan suka tsare.