Daga Kakalaba zuwa kwanon yaro: tarihin natsuwa wajen cin abinci a ƙasar Maraɗi

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. A ƙasar Maraɗi wannan magana tana da nauyi, domin tsofaffi suna lissafin zamani da sunayen yunwa. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, akwai farin 1973 zuwa 1974, akwai kuma El-Buhari ta 1984, wadda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Al'ummar da ta sha irin wannan gwagwarmaya ta daɗe da sanin darajar ƙwayar hatsi. Abin da ya ɗauki lokaci kafin ya shiga bakin ma'aikatan kiwon lafiya shi ne cewa yadda ake cin abinci yana da muhimmanci kamar abin da ake ci.

A ƙasashen Turawa, koshi ne ya haifi wannan tunani. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na koyar da natsuwa ga majinyata a jami'ar Massachusetts ta Amurka, kuma a shekarun 1990 Jean Kristeller ta ɗora shi a kan masu cin abinci fiye da kima. Darasin shi ne mutum ya zauna, ya tauna a hankali, ya saurari cikinsa, ya gane yunwa ya kuma gane ƙoshi. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tarbiyya: wanke hannu, zama a tabarma, cin gabanka, da barin surutu a kan akushi duk ladubba ne da ake koya wa yaro tun yana ƙarami. Sai dai a Gulbin Maraɗi darasin ya shigo gidan likita ne ta ƙofar rashi.

Jiratawa, da ke kudu da birnin Maraɗi cikin gundumar Madarumfa, ba garin da za a zaci yunwa ba ne. Tun farkon shekarun 1980 aka shimfiɗa mata filin noman rani na hekta fiye da 500 ƙarƙashin kulawar ma'aikatar ONAHA, kuma zogalenta ya yi suna a kasuwanni. Amma a 2005, bayan ƙarancin ruwa da farar da suka ɓata damanar 2004, buhun hatsi ya doshi jika 30 a wasu kasuwanni, kuma tamowa ta fi tsananta a kudancin jahar Maraɗi, inda ake kira rumbun ƙasa. Hatsi yana nan a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu a hannun talaka. Manomi ya sayar da amfaninsa da kaka don biyan bashi, ya dawo yana saye da tsada a tsakiyar damana.

Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda take aiki a Maraɗi tun 2001, ta yi jinyar yara sama da 60.000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Makaminta shi ne Plumpy'Nut, tunkuzar gyaɗa da madara da sukari da mai, wadda André Briend da Michel Lescanne suka haɗa a Faransa a 1996, mata kuma suka laƙaba mata suna biskit. Leda ɗaya giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500, ba ta buƙatar ruwa ko wuta. Da ita aka mayar da jinya hannun uwa a cikin gida, kuma fiye da yara 9 cikin 10 sun warke.

A nan ne natsuwa ta zama ma'auni. Kafin a sallami yaro, sai an gwada cinsa. Uwa takan wanke hannu, ta koma gefe inda babu hayaniya, ta ɗora shi a cinya, ta riƙa miƙa masa kaɗan-kaɗan tana lallashi, da ruwan sha a kusa, ba dure ba tsawa. In ya ci abin da ake bukata, sai gida. In ya ƙi, alama ce cuta ta ci jiki, sai a kwantar da shi. Ke nan hukuncin likita ya dogara ga haƙurin uwa da idon da ta zuba wa bakin ɗanta.

Hukumar lafiya ta duniya ta riga ta sa wannan ɗabi'a cikin ƙa'idojin ciyar da ƙananan yara da ta fitar a 2003: a ciyar da yaro a hankali, a lura da alamun yunwarsa da ƙoshinsa, a yi masa magana ana kallon idonsa. Da aka kawo ƙa'idar ƙauyuka, sai ta ci karo da wasu al'adu. Cin kwano ɗaya yana koyar da zumunci, amma ɗan shekara biyu ba ya iya tsere da yayyensa, shi ya sa aka nemi a ware masa kwanonsa don a ga abin da ya ci. Fura mai yawan ruwa tana cika ciki ba ta gina jiki, sai aka koyar da kunu mai kauri da ƙuli-ƙuli, wake ko garin zogale. Aka yi kira da a daina zubar da dakashi, a shayar da nono zalla har wata 6, a kuma bar yayen rana ɗaya da ake kai yaro wajen kaka.

Wannan nasiha tana da haɗarinta. A 2005 wasu sun ɗora laifin tamowa kacokan a kan jahilcin mata, alhali matan nan ne suka yi tafiyar kilomitoci da goyo, kuma da aka ba su abincin da ya dace suka warkar da ƴaƴansu da hannunsu. Macen da ta wuni tsakanin daka, rijiya da gona ba ta rasa hankali ba, lokaci da abin hannu ta rasa. Batun ya kai ga siyasa: shugaba Tanja Mamadu ya musanta cewa akwai yunwa a 2005, gwamnati ta ayyana jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, sannan ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi a watan Yuli na 2008.

Tarihin ya nuna cewa nasiha ba ta cika kwanon da babu komai, abinci kuma ba ya isa cikin yaron da ba a zauna da shi ba. Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu suna da rawar takawa a nan, domin ɗalibar da ke aji yau ita ce uwar gobe, ɗalibi kuma shi ne mai riƙe da makullin rumbu. In ya koyi cewa zogalen Jiratawa na tukunyar gida ne kafin ya zama na kasuwa, ya kuma rage wa matarsa aiki har ta samu zama da yaro, to an yi rabin maganin tamowa tun kafin a je likita.