Lemun Tsami: Baƙon da Ya Zama Ɗan Gida

Akwai itatuwan da ƙasashenmu suka haifa, kamar kuka da ɗorawa da kaɗanya. Akwai kuma waɗanda suka zo baƙunci, suka daɗe har aka manta cewa baƙi ne. Lemun tsami yana cikin kashi na biyu, kuma sunansa ma ya isa shaida: kalmar "lemu" daga "laimun" ta Larabci ta fito, Larabawa kuma a wurin Farisawa suka aro ta. Wanda ya bi sawun wannan itace zai ga cewa abu biyu suka raya shi shekara dubu: tsakar gida, da ilimin mai dasawa.

Masana tsirrai sun gano cewa asalin dangin lemu duka yana gindin duwatsun Himalaya ne ta kudu maso gabas, inda Indiya da Bama da Sin suka yi iyaka. Daga can fatake suka ɗauko shi suka yi yamma da shi. Masanin tarihi Al-Mas'udi, wanda ya rasu a shekarar 956, ya bayyana a littafinsa Murujuz Zahab cewa bayan shekara ta 300 ta Hijira, wato wajen 912, aka kawo wasu irin lemu daga Indiya aka dasa a Oman, daga nan suka wuce Basra da sauran Iraƙi da Sham, har suka yawaita a gidajen mutane a Falasɗinu da Masar. A lura da kyau, gidajen mutane ya ce. Tun farko lemu itacen gida ne, wanda ake shayarwa da guga, ana ganin sa kullum.

Da ya zauna, sai malamai suka shiga nazarinsa. A ƙarni na 12, Ibn Jumai'i, likitan Sarki Salahuddin a Masar, ya rubuta risala sukutum a kan lemu da amfaninsa, har da yadda ake tsaga shi a cusa gishiri a adana. A ƙarshen wannan ƙarnin kuma Ibn al-Awwam na Ishbiliya, a Andalus, ya yi bayanin dashen lemu da yi wa itatuwa aure a littafinsa na noma, Kitabul Filaha.

Ba a tsaya a bakin Bahar Rum ba. Al-Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya kammala littafinsa na bayanin Afirka a 1526, kuma da ya zo kan ƙasar Kano ya ambaci itatuwan lemu masu yawa a dazuzzukanta, ya ce ɗanɗanonsu bai bambanta sosai da na lambu ba. Ke nan shekara ɗari biyar da suka wuce sunan ƙasar Hausa ya riga ya haɗu da na lemu a rubuce.

A nan labarin ya koma teku. Turawa masu doguwar tafiya a jirgin ruwa sun sha fama da wani ciwo mai kumbura dasashi, ya zubar da haƙora, ya tayar da tsohon rauni, ya kashe. A 1747 wani likitan sojan ruwan Ingila, James Lind, ya raba majinyata 12 gida shida, kowane kashi da nasa magani. Biyun da ya ba lemu su suka fara miƙewa cikin kwana shida. A 1795 rundunar ruwan Ingila ta fara raba ruwan lemu ga sojojinta, a 1867 kuma doka ta wajabta shi a jiragen kasuwanci. A wannan shekarar ce Lauchlan Rose, wani ɗan kasuwa na Sikotilan, ya yi rajistar dabararsa ta adana ruwan lemun tsami da sukari ba tare da giya ba. Yau mun san sirrin: sinadarin bitamin C ne jikin matafiyan ya rasa.

Wannan ciniki shi ya kawo lemun tsami gonaki masu faɗi a Afirka ta Yamma. A shekarun 1920 kamfanin Rose ya kafu a Gwalkwas, Gana ta yau, manoman yankin Asebu kusa da Cape Coast suka duƙufa da dashe suna sayar masa. Ana cikin haka, wajen 1938, sai itatuwa suka fara bushewa daga kan rassa, ganye ya ƙanƙance, itace ya mutu a tsaye. Gonaki suka lalace, abincin iyalai da yawa ya tsaya. Sai a 1949 masu bincike biyu, Hughes da Lister, suka tabbatar da cewa ƙwayar cuta ce, kuma wani ɗan baƙin ƙwaro mai tsotson ruwan tofo, irin wanda manoma ke kira darɓa, shi ke yaɗa ta. Ita ce cutar da ta hallaka miliyoyin itatuwan lemu a Ajantina da Burazil, inda aka raɗa mata suna tristeza, ma'ana baƙin ciki.

Me ya ceci lemun Gana? Da tsohuwar zuma ake magani. An koma ga aure, dabarar nan da Ibn al-Awwam ya rubuta shekara ɗari bakwai kafin nan. Aka riƙa ɗaukar idon lemun tsami ana ɗaura shi a kan gindin wani lemu mai kaushin ɓawo, ɗan asalin Indiya. Auren bai kawar da cutar ba, amma ya ba itacen ƙarfin jurewa har ya yi 'ya'ya shekaru masu yawa.

Wannan darasi bai tsufa ba, kuma ya shafi duk mai ɗan fili a gidansa. Lemun zaƙin da aka shuka da ƙwaya kan kai shekara bakwai ko fiye kafin ya haihu, mai aure kuwa shekara uku zuwa huɗu. A nemi dashe mai aure a wurin mai reno amintacce. A dasa shi inda rana ke samun sa, a bar mahaɗar auren sama da ƙasa. Duk tofon da ya fito ƙasa da mahaɗar a cire shi, domin na gindin ne, in an bar shi zai cinye amaryar. Kada ruwa ya kwanta a jikin gindi, don shi ke sa itacen zubar da ƙaro ya ruɓe. A yi masa kwari a kewaye, a shayar da shi sosai da rani, a zuba ruɓaɓɓen taki nesa kaɗan da jikinsa.

Idan ya yi 'ya'ya, uwargida ba ta bukatar mai koya mata: ga kunun gyaɗa, ga shayi, ga wanke kifi da kaza don kashe ƙarni, ga kwaɓin lalle. Abin da ake yawan mantawa shi ne tafasa tana rage bitamin C, saboda haka a matsa shi bayan an sauke tukunya. In ya yi yawa kuma kada a bari ya ruɓe. A tsaga a cusa gishiri a rufe a kwalba, yadda likitan Salahuddin ya bayyana, ko a ɗan tafasa shi da ruwan gishiri a shanya har ya bushe ya yi baƙi, kamar yadda mutanen Oman da Basra ke yi har yau suna jefawa a miya.

A zangunanmu, daga Kumasi zuwa Garwa, daga Injamena zuwa Omdurman, fili yana ƙara tsada, ana sare itace a tayar da ɗakin haya, ana shafe tsakar gida da siminti. Ba laifi ba ne neman abin rufin asiri. Amma itacen da ya ƙetare teku da hamada ya tsira daga annoba, taku huɗu na ƙasa kawai yake roƙo. Mai shirin zuba siminti a bana, ya bar masa wannan gurbi kafin damina ta faɗi.