Haruffan Neuland da Maƙerinsu

A zamanin da, duk baƙin da za a buga littafi da shi sai an ƙera shi. Mai zane ya zana baƙin a takarda, sa'an nan wani gwani dabam ya sassaƙa shi a bakin sandar ƙarfe. A doka sandar cikin tagulla ta bar gurbi, a zuba narkakkiyar dalma cikin gurbin, baƙi ya fito. Haka Turawa suka yi shekaru aru-aru suna yi.

Wani Bajamushe wai shi Rudolf Koch, wanda aka haifa cikin 1876, shi ya saɓa wannan al'ada. Yana aiki ne a gidan zubin haruffa na Klingspor, a garin Offenbach. Sai ya ɗauki magagari ya far wa ƙarfen da hannunsa, ba ya bin wani zane da aka gama. Cikin 1923 aka fitar da haruffan, aka sa musu suna Neuland, watau sabuwar ƙasa.

Kamanninsu kuwa abin kallo ne. Kaurara ne, baƙaƙe ƙirin, gefensu bai miƙe ba, sai ka ce da gizago aka fafe su. Baƙin O ma, da aka sani da zagaye, kusurwoyi gare shi. Babu ƙaramin baƙi ko ɗaya, duka manya ne, kuma in an jera su sai su matsu, farin takarda ya yi kaɗan. Da yake kowane girma dabam ya sassaƙa shi, A na babban jeri bai yi daidai da A na ƙarami ba. Wanda ya taɓa ganin rubutun alaramma da alƙalami mai faɗin baki, ya san irin kwarjinin da ake nufi.

Ba a buga cikin littafi da su, don ido ya kan gaji kafin shafi ya ƙare. Amfaninsu kanun magana, da bangon littafi, da takardun talla da ake liƙawa, waɗanda ake so a karanta daga nesa. Da suka sami kasuwa, kamfanin Monotype na Ingila ya fitar da irinsu, ya kira su Othello.

Koch ya rasu cikin 1934. A Amurka fa sai masu talla suka riƙa ɗora haruffansa kan abin da ya shafi Afirka, ko baƙar fata, ko ƙungurmin daji, wai rashin laushinsu ya dace da can. Wannan zato ne marar tushe. A bakin kogin Main aka ƙera su, ba su haɗa kome da rubutun Habasha ba, balle na malaman Timbuktu da Barno. Amma masu talla ba su tambaya ba. Cikin 1993 ma, da irin waɗannan haruffa aka rubuta sunan fim ɗin nan Jurassic Park, labarin waɗansu manyan dabbobi da suka ƙare tun kafin a yi ɗan Adam.