Tarihin Makunnin Batir Biyu Na Jirgin Ruwa, Da Yadda Ake Haɗa Shi



Satin jiya wani masunci daga wajen Dam ɗin Goronyo ya kawo mini gyaran waya a rumfata nan Sakkwato. Ya ce rannan sun kwana kan ruwa, fitila da cajin wayoyi duk a kan batir ɗin injin. Da asuba ya murɗa ki, shiru. Da kyar suka tuƙo da filafili zuwa gaɓa. To ka sani, wannan matsala ta girme mu, maganinta ma haka.

A 1800 Alessandro Volta ɗan Italiya ya ƙera batir na farko, amma in ya ƙare ya ƙare ke nan. Sai a 1859 Gaston Planté a Faransa ya fito da batir na dalma da asid, mai karɓar caji. Shi ne kakan batir ɗin motarka da na solar ɗin gidanku.

A 1909 Ole Evinrude a Amurka ya fara sayar da injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale. Lokacin da hannu ake tada inji, har hannun juya injin mota kan karya mutane. A 1912 motar Cadillac ta fito da kik na lantarki, aikin Charles Kettering. Daga baya injinan jirgi suka bi sahu.

Nan fa aka samu sauƙi, aka kuma sayi wahala. Mota in batir ya mutu sai a tura. Jirgi a tsakiyar ruwa fa, wa zai tura? Ga fitila, rediyo da famfon kwashe ruwa duk suna shan wuta. Shi ya sa masu jirgi suka koma batir biyu: ɗaya na tada inji, ɗaya na hidima, da makunni mai 1, 2, BOTH da OFF a tsakaninsu.

Ga yadda ake haɗawa:

1. Cire baƙaƙen wayoyi tukuna kafin ka taɓa komai.
2. Jar wayar batir na farko ta tafi ƙafar 1, ta batir na biyu ƙafar 2.
3. Ƙafa ta uku ita ce mai fita zuwa inji da sauran kaya.
4. Baƙaƙen wayoyin biyu ka haɗe su, ka kai jikin inji. Ba sa bi ta makunni.
5. Sa waya mai kauri, da fiyus kusa da batir a layin fitila da caji.

Tada inji a 1. Kana tafiya, kai shi BOTH su yi caji tare. Ka kashe inji, koma 2, ka bar na farko ya huta. In ka manta shi a BOTH, duka biyun za su zube.

Gargaɗi: kada ka kuskura ka kai shi OFF inji na aiki, yana iya ƙona sashen caji nan take.

Na san yawancin injinan da ke Gulbin Rima har yau igiya ake ja. Amma duk mai na ki, ka isar masa da wannan, don rai ake magana. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa. Allah ya tsare mu, amin.