Tarihin Kafuwar Masaukin Bagauda

Tun kafin a san abin da ake kira otal a ƙasar Hausa, Bebeji, wadda a ƙasarta aka gina masaukin Bagauda daga baya, zango ce ta fatake masu bin hanya tsakanin Kano da Zazzau, har ma Baturen nan Clapperton ya ratsa ta a shekarar 1826 a kan hanyarsa ta zuwa birnin Kano. A wancan zamani baƙo ba ya rasa wurin kwana, gama idan falke ne yana da fatomansa wanda zai sauke shi, ya adana masa haja, ya nemo masa masu saye, in kuwa almajiri ne ko ibnus sabil, to, zauren malam da na mai gari a buɗe suke, domin shari'a ta tabbatar da haƙƙin baƙo na liyafar kwana uku. Amma mutum ya bar gidansa lafiya lau, ba fatauci ba, ba neman ilmi ba, ba ziyarar zumunci ba, ya biya kuɗi don ya kwana a bakin ruwa ya sha iska kurum, wannan baƙon al'amari ne ga kakanninmu.

Wanda ya kawo shi kudancin Kano shi ne Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Bako, Allah ya jiƙansa, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya riƙe mulki daga 1967 zuwa 1975. Himmarsa ta fi karkata ga ruwa, saboda ya lura da cewa ƙasar da damina ɗaya ke ciyar da ita kullum tana cikin hatsari. Sai aka fara da madatsar Bagauda, sa'an nan aka ɗora da ta Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka gama a 1974, ita ce kuwa ke shayar da gonakin rani na Kadawa. Da ruwa ya kwanta ya zama tafki, sai ya ga bai kamata a bar irin wannan ni'ima ga kifi da tsuntsaye kaɗai ba, ya sa aka gina masaukin baƙi a bakin tafkin Bagauda, da wani a kan dutse a Tiga mai suna Rock Castle, yadda mai nufin kallon namun daji a Falgore zai sami inda zai yada zango. Sunan da aka zaɓa wa tafkin da masaukinsa kuwa na Bagauda ɗan Bawo ne, wanda Tarihin Kano ya ce shi ne sarki na fari, daga shekarar 999.

A ganina, raunin masaukin yana cikin asalinsa. A ƙauyukan Ingila irin waɗannan gidaje na masu su ne, suna rayuwa da cinikin matafiya, har wani yakan buɗe kanti a gefe yana sayar da 'yan tsana na tsaraba don riba ta ƙaru. Namu kuwa hukuma ce ta haife shi, ita ke ciyar da shi da tarurrukanta da baƙinta, alhali ga dukawa da masaƙa da masu sassaƙar ƙwarya a ƙasar Kano, waɗanda hajarsu ta isa ta riƙe kasuwar tsaraba. Abin da ya dogara ga baitulmali, in kuɗin mai ya ja baya, dole ya ji a jikinsa.

A watan Agusta na 1988 ruwan sama mai yawa ya fasa madatsar Bagauda, aka yi hasara mai tsanani, kuma ko da yake an sake gina ta, masaukin bai koma kan ganiyarsa ba. Daga bisani aka miƙa gine-ginen ga Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, suka zama reshenta na Kano, inda ɗalibai daga kowane sashe na ƙasa suke zama suna karatun ƙa'idojin shari'a kafin a ba su izinin tsayawa gaban alƙali.